Sama ta yi ja a Turai, mu kuma muka duƙufa fassara

Wani bidiyo ya sake dawowa zauren WhatsApp na danginmu. Sama ce ta yi jawur a kan wasu gidaje masu rufin tayil, an ɗora masa sautin karatu mai sa jiki ya yi sanyi. A ƙasa an rubuta cewa azaba ce ta fara sauka a kan Turawa saboda abin da ake yi wa mutanen Gaza, wai kuma tana cikin alamomin tashin ƙiyama, don haka duk wanda ya gani ya tura wa mutum goma. Nan da nan aka shiga jero "Innalillahi" da "Allah ya sa mu cika da imani".

Bidiyon na gaske ne. Sama ta yi irin wannan ja a ƙasashe da dama a daren Juma'a, 10 ga Mayun 2024. Fassarar da aka liƙa masa ce ba ta da tushe, ita ce kuma ta sa ni wannan rubutu.

Matsayina shi ne, wannan haske aya ce daga ayoyin Allah kamar ruwan sama da tsawa, yana da sanadi sananne, an kuma yi shelar zuwansa tun bai zo ba. Wanda ya ce azaba ce a kan wasu mutane na musamman ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai, ko a addinance ko a ilmance. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuma, garin fassara hoton da aka ɗauka a ƙasar wasu, mun yi watsi da ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, wato rediyo da GPS (tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam) da wutar lantarki.

Abin da ya faru a wannan dare

Rana tana da zagaye na kimanin shekara 11. Takan lafa, ta taso, ta kai ganiya, ta sake lafawa. Idan ta doshi ganiya, baƙaƙen tabo suna yawaita a fuskarta, daga wajen tabon nan kuma takan yi aman wani irin tururi mai ɗauke da lantarki da maganaɗisu, ta feso shi cikin sarari. Tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne. Haskenta minti 8 yake yi a hanya, shi kuwa aman yakan kwashe kwana ɗaya zuwa uku kafin ya iso. Wannan tazarar ce ke ba masana damar yin gargaɗi.

A farkon Mayun 2024 wani gungun tabo da aka yi wa lamba 3664 ya bunƙasa har faɗinsa ya ninka na duniya fiye da sau 15, ya yi ta amai a jere, duk kuma ya saito mu. Ranar Alhamis, 9 ga wata, hukumar NOAA mai kula da yanayi a Amurka ta fitar da gargaɗin guguwar rana mai tsanani, irin wanda rabonta da fitarwa tun Janairun 2005. Washegari da yamma guguwar ta iso. A ma'aunin da ya tashi daga G1 zuwa G5, ta kai G5, karo na farko tun Oktoban 2003.

Allah ya yi wa duniya garkuwar maganaɗisu da ke karkatar da irin wannan feshi zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Can sama, daga kilomita 100 abin da ya yi gaba, ƙwayoyin suna karo da iskar oksijin da naitirojin, sai iskar ta kama haske. Shi ake kira aurora. Ga mutanen arewacin Norway da Iceland da Alaska ba labari ba ne, har sana'a suka mayar da shi, suna kai masu yawon buɗe ido kallo a lokacin hunturu. Idan guguwa ta yi ƙarfi sai zoben hasken ya faɗaɗa, ya gangaro inda ba a saba ganinsa ba. A daren nan an gan shi a Landan da Faransa da Italiya da Sifen, an gan shi a Florida da Meziko da Puerto Rico, an ɗauke shi a Ladakh ta Indiya. Ta kudu kuma ya hauro har New Zealand da Chile da Afirka ta Kudu.

Sai maganar jan launi, wanda shi ne ya fi firgita mutane. Oksijin da ke ƙasa-ƙasa kore yake bayarwa, wanda ke can ƙololuwa, sama da kilomita 200, shi ke ba da ja. Mutumin da ke nesa a kudu, lanƙwasar duniya ta ɓoye masa gindin hasken, kansa kawai yake hange. Duk wanda ya taɓa hango gobarar daji da dare a lokacin kaka ya san haka: daga nesa harshen wutar ba ya ganuwa, sai jan da ya rina sama. Shi ya sa hotunan Norway suke fitowa kore, na Italiya su fito ja.

"To ai Allah ne ya yi"

Da na rubuta kaɗan daga wannan bayani a zauren, wani ƙanena ya amsa da cewa: "Yaya, a dai yi hattara da boko aƙida. Komai aka ce ikon Allah ne sai ku ce kimiyya."

Na fahimci tsoronsa, amma ban ga inda biyun suka yi karo ba. Hukumar hasashen yanayi takan ce gobe za a yi ruwa, ruwan ya sauko, mu ce Alhamdulillahi, ba wanda imaninsa ya ragu. Kalandar lokutan salla da ke rataye a masallacin unguwarmu da lissafin tafiyar rana aka tsara ta, ladan yana duba ta kullum. Sanin sanadin abu bai fitar da shi daga ikon wanda ya halicci sanadin ba.

Ni ba malami ba ne, amma akwai hadisin da ko ɗan Islamiyya ya sani, yana cikin Bukhari da Muslim. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, an yi kusufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. A ranar da yake cikin jimamin ɗansa, Manzon Allah bai bar maganar ta wuce ba. Ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma yi umarni da salla da addu'a idan an gani.

Wani zai tuna mini cewa a wata ruwayar an ce Allah yana tsoratar da bayinsa da su. Haka ne, ban kuwa musa ba. Mutum ya ga sama ta rine, gabansa ya faɗi, ya tuna ƙanƙantarsa, ya yi istigfari, wannan abu ne mai kyau. Inda gizo ke saƙa shi ne a tashi daga "na ji tsoron Ubangijina" a koma "na san wanda Ubangiji yake fushi da shi, na kuma san dalili". Wa ya sanar da mai rubuta saƙon? Batun lokacin tashin ƙiyama kuwa, Alƙur'ani ya yanke magana a Suratul A'araf da Suratu Luƙman cewa saninsa yana wurin Allah shi kaɗai.

Kada kuma a ce ai fassarar ba ta cutar da kowa. A Janairun 2001 an yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka bazama suna ƙona otal-otal da mashaya, suna cewa zunubin da ake tafkawa a wuraren ne ya jawo. Husufin da masana suka rubuta ranarsa da sa'arsa shekaru kafin ya faru, shi aka ƙona dukiyar mutane a kansa. Mafarin irin wannan ɓarna kullum ɗaya ne, wani ya dubi sama ya nuna maƙwabcinsa da yatsa.

Idan azaba ce, a kan wa ta sauka?

Zaluncin da ake yi a Gaza ba ya bukatar jan sama kafin a san zalunci ne, gawarwakin yara sun isa shaida. Amma mu ɗauki maganar mai saƙon yadda ya faɗe ta. A wannan daren an ga hasken a Aljeriya, an gan shi a Turkiyya. An gan shi a Afirka ta Kudu, ƙasar da ta maka Isra'ila a kotun duniya a Disambar 2023. Su kuma laifin me suka yi? Waɗanda aka ce an yi wa azabar, shimfiɗa suka ɗauka suka fita bayan gari suna ɗaukar hoto, wasu har da tayar da yara daga barci don kada abin ya wuce su. Ba wanda hasken ya ƙona, domin mafi kusancinsa da ƙasa ya ninka inda jirgin fasinja yake tashi kusan sau goma.

Ba kuma yau aka fara ba. A farkon Satumban 1859 an yi guguwar da ake kira da sunan Richard Carrington, Baturen Ingila da ya ga fashewar da ta auku a fuskar rana da idonsa yana cikin zana tabon rana. Hasken ya kai Kyuba da Hawaii, wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi, lantarki ya ja wasu ma'aikatan. Ranar 4 ga Fabrairun 1872 an gan shi a Bombay, an gan shi a Khartoum. A watan Janairun 1938 sama ta yi ja a Turai har kudancin Italiya da Fotugal, a garuruwa da yawa aka riƙa kiran 'yan kwana-kwana ana zaton gobara ce ta tashi a maƙwabta.

Na 1938 ɗin yana da darasi, domin Turawa ma sun yi irin tamu. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, sai wasunsu suka waiwaya suka ce ai dama sama ta faɗa. To, an sake gani a 1958, da 1989, da 2003. Wace shekara ce a duniyar nan babu yaƙi ko annoba ko mutuwar wani babba a kusa da ita? Wanda ya ƙudurta sai ya haɗa jan sama da wata musiba ba zai taɓa rasa musibar ba.

Masu cewa aikin Amurka ne

Akwai wani rukuni, su waɗannan 'yan boko ne ma, da suka ce ba azaba ba ce, Amurka ce ta kunna wata na'ura mai suna HAARP. Na'urar tana nan, a jihar Alaska, jami'ar da ke Fairbanks ce ke tafiyar da ita don binciken saman sararin iska, an kuma yi gwaji da ita a kwanakin, abin da ya ba masu zargi abin kamawa. Sai dai ƙarfinta megawat 3.6 ne. Madatsar Kainji an gina ta ne a kan megawat 760. Na'urar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari biyu na Kainji ba, ita ce za ta haska sama daga Kanada zuwa New Zealand a dare guda? Tabon da ya yi aman kuwa ba a ɓoye yake ba, masu kallon sama a ƙasashe daban-daban sun yi kwanaki suna ɗaukar hotonsa kafin guguwar ta iso. A 1859 kuma ko ƙwan lantarki babu a gidajen Amurka.

Me ya sa sai yanzu muke gani?

Wannan tambayar ta fi sauran ma'ana, kuma amsarta tana aljihun kowa. A Oktoban 2003, lokacin da aka yi G5 na baya, babu Facebook, sai a 2004 aka buɗe shi. WhatsApp sai 2009. Layin GSM bai daɗe da cika shekara biyu da shigowa Najeriya ba, wayoyin da ke hannu kuma kira da saƙo kawai suke yi. An ga hasken a lokacin har Texas da Florida, amma labarin bai iso Fagge ko Tudun Wada ba.

Sannan wayar zamani tana ganin abin da ido ba ya gani. Idon ɗan'adam ba ya rarrabe launi sosai a cikin duhu. Ita kuwa kyamara, idan aka sa ta a tsarin dare, takan buɗe na daƙiƙoƙi tana tara haske, sannan manhaja ta ƙara masa armashi. Da yawa daga waɗanda suka tsaya a waje a ƙasashen kudancin Turai abin da suka gani da ido wani fatsi-fatsi ne mai ɗan ja-ja, sai da suka ɗaga waya ya fito jawur a allo. Daga nan wani ya ƙara masa launi, wani ya ɗora sauti, kafin ya iso gare mu ya zama kamar an buɗe ƙofar wuta. Akwai ma hotunan da ba a taɓa ɗauka ba, kwamfuta ce ta zana su.

Haka nan idan aka turo hoto aka ce a Zariya ko Damagaram aka ɗauka, a bincika. Layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu ya ratsa ta Najeriya, wato muna cikin wuraren da suka fi ko'ina nisa da zoben hasken. Jan da muke gani a nan yawanci faɗuwar rana ce cikin ƙura, ko ƙunar daji, ko fitilun gari da suka daki hadari. Ban ce ba zai taɓa yiwuwa ba, tunda Khartoum ta gani a 1872, ita da Tahoua kuwa kusan a layi ɗaya suke. Amma ranar da aka ga aurora a Tahoua, to an yi guguwar da za a daɗe ana lissafin ɓarnarta.

Ga inda abin ya shafe mu

Hasken kansa ba ya ɓarna. Guguwar da ta kawo shi ita ke yi, ita kuma ba ruwanta da ko ka ga haske ko ba ka gani ba.

Mu fara da rediyo, tunda mu mutanen gajeren zango ne. Muryar da ke fitowa daga akwatin dattijo a ƙofar gida tana tashi ne ta daki wani sashe na saman sararin iska, ta dawo ƙasa. Idan rana ta yi fashewa mai ƙarfi, sashen yakan rikice a ɓangaren duniya da rana ke haskawa a lokacin, tasha ta ɓace na mintuna ko fiye. Ranar 3 ga Oktoban 2024, da misalin ƙarfe ɗaya da kwata na rana agogon Najeriya da Nijar, an yi fashewar da rabon a ga irinta tun 2017, Afirka ce kuma take fuskantar rana a lokacin, gajeren zango ya ɗauke. Wanda ya yi ta murɗa akwatinsa a ranar yana zagin batir, rana ce ta yi masa. Jiragen da ke ratsa teku da hamada ma da irin wannan zangon suke magana idan sun yi nisa da hasumiya.

Sai GPS. A guguwar Mayun 2024, manoma a tsakiyar Amurka da ke shuka da taraktocin da tauraron ɗan'adam ke yi wa jagora sun ga layukansu suna karkacewa, da yawa suka ajiye aiki a tsakiyar lokacin shuka. Mu ba mu da irin waɗannan taraktoci da yawa, amma muna da masu awon filaye, da matuƙa jirgi, da masu haƙar mai, da sojoji. Yankinmu ma, ko babu guguwa, an san shi da rikicewar saƙon tauraron ɗan'adam bayan faɗuwar rana, saboda zamanmu a kan wancan layin maganaɗisu. Ga Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan'adam, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Kamfanin ya yi asarar taurari 38 cikin 49 da ya harba a Fabrairun 2022 a sanadin wata 'yar ƙaramar guguwa da ta kumbura iskar sama ta janyo su ƙasa, a Mayun 2024 kuma da kansa ya sanar cewa aikinsa ya yi rauni.

Wutar lantarki ita ce babba. Guguwar tana cusa wani lantarki na daban cikin dogayen wayoyi, ya shiga manyan taransfomomi ya zafafa su. Ranar 13 ga Maris ɗin 1989, wutar lardin Quebec na Kanada ta ɗauke cikin ƙasa da minti biyu, mutum miliyan 6 suka yi awa 9 a duhu. Da an ɗauka matsalar mutanen ƙuryar arewa ce kaɗai, sai ga shi bayan guguwar 2003 manyan taransfomomi da dama sun lalace a Afirka ta Kudu, injiniyoyin ƙasar kuma suka danganta lalacewar da ita. A Mayun 2024 kamfanin da ke kula da layukan wuta na New Zealand, da ya samu gargaɗi, sai ya cire wasu layuka daga aiki da gangan har guguwar ta wuce.

A nan sai na yi saurin toshe wata ƙofa, kada masu wuta su ji su samu uzuri. Duhun da yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda a ciki a ƙarshen Oktoban 2024 ba ruwan rana a ciki, layin Shiroro zuwa Kaduna aka lalata, layin da ya rage kuma ya samu matsala. Babban layinmu na ƙasa ba ya jiran guguwa daga sama kafin ya faɗi. Amma wannan shi ne ma dalilin damuwa, domin taransfoma irin ta babbar tasha idan ta ƙone ba a shiga kasuwa a sayo ta, odarta ake yi a jira watanni.

Wani zai ce, ga yunwa ga rashin tsaro, wa ke ta rana? Gaskiyarsa, ban kuma ce a ware biliyoyi ba. Hukumar kula da sararin samaniya ta Najeriya tana da cibiyar binciken sararin iska a Anyigba ta jihar Kogi. Afirka ta Kudu tana da cibiyar sa ido kan yanayin sararin samaniya a Hermanus da ke aiki dare da rana tun 2022. Gargaɗin NOAA kyauta yake a intanet. Abin da babu shi ne wanda zai ɗauko gargaɗin ya faɗa wa mutane da harshen da suke ji. Gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi suna da awanni na siyasa da tallan maganin gargajiya. Minti biyu ya ishi mai gabatarwa ya ce gobe da jibi ana sa ran guguwar rana, gajeren zango zai iya ɗaukewa, masu awon fili su dakata, za ku ga hotunan jan sama daga ƙasashen waje, ga kuma dalili. Limamin da ya ji haka ranar Alhamis ya san abin da zai faɗa idan aka tambaye shi bayan Juma'a, mai ƙirƙirar saƙon "tura wa mutum goma" kuma ya tarar an riga shi.

Lokaci bai ƙure ba. A Oktoban 2024 NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da NOAA suka sanar cewa rana ta shiga ganiyar wannan zagaye, wanda shi ne na 25 tun da aka fara ƙidaya. Manyan guguwoyi kuwa sukan zo har bayan ganiya, ta 2003 ma a lokacin da zagayen ya fara gangara ta afku.